Tsohon Sojan da Na Gayyata Ajina

Shekarun baya, a shekarar farin nan da gero ya ƙone tun bai fitar da kai ba, aka tura ni koyarwa wata firamare a wani ƙauye kusa da Ɗambatta. Rabin ajina sun bi iyayensu ci-rani, waɗanda suka rage kuma yunwa ta hana su sauraro. Kullum ina neman abin da zai sa su ɗaga kai.

Wata rana wani abokin aikina ya nuna mini wani tsoho mai ɗingishi da ke saƙar igiya a gindin tsamiya. Ya ce, "Ka ga wancan? Mutumin Damagaram ne, ya daɗe a nan. An ce ya yi yaƙin Aljeriya."

A makon muke darasin yadda ƙasashen Afirka suka sami 'yanci. Ni da rawar kai irin ta sabon malami, ban tsaya bincike ba. Na je na durƙusa na gaishe shi, na roƙe shi ya zo ya yi wa yara magana. Ya dube ni, ya ce, "Malam, ka tabbata?" Na ce ƙwarai kuwa. Kafin ya zo har na gama shelanta wa aji cewa jarumin da ya kori Turawa na nan tafe.

Da ya zauna na gabatar da shi, ina ta zuba kirari. Ya bari na gama, ya ce, "Allah ya gafarta Malam, akwai gyara. Ni a ɓangaren Faransa nake."

Da ƙasa za ta tsage da na shige.

Ya ce yana saurayi aka ɗebe su daga garinsu, aka ba su kaki, aka tsallaka teku da su. An gaya musu 'yan fashi za su yaƙa. Ranar da suka fara kewaye wani ƙauye a kan dutse, sai ya ji an kira sallar azahar daga ciki, irin kiran da ya tashi yana ji a gida.

"Harbi ya same ni a nan," ya dafa cinyarsa. "Namu suka wuce suka bar ni. Wata tsohuwa ta ja ni cikin garken awakinta, ta ɗaure mini ƙafa da mayafinta. Tana ganin kakina, ta san ko ni wane ne. Kwana uku tana ba ni nono. Ba na jin yarenta, ba ta jin nawa, sai dai bisimilla."

Can wata yarinya a layin baya, wadda tun zuwana ban taɓa jin muryarta ba, ta ce, "Baba, to su wa suka ci yaƙin?"

Ya ce, "Su suka ci, 'yata. Alhamdu lillahi. Muna cikin jirgin ruwa za a mai da mu gida, muna jiyo guɗarsu daga gari. Na so in taya su, amma hafsanmu na tsaye."

Daga ranar nakan je gindin tsamiyar nan bayan la'asar, ina tambaya yana amsa abin da ya ga dama. Littafin da nake koyarwa da shi ya san masu mulkin mallaka, ya san masu neman 'yanci, amma babu layi ɗaya a kan irin su Baba. Ya rasu kafin damina ta gyaru. Har yau akwai tambayar da na kasa yi masa, shi ma bai taɓa kawo zancen ba: ko tsohuwar nan tana da ɗa cikin waɗanda su Baba suka yaƙa a kan dutsen.