Gaisuwar da Ta Cinye Mini Minti Uku

Har yau in na tuna taron nan na Tiga sai raina ya ɓaci, kuma rabin haushin na kaina ne.

Ni ke kula da laburaren wata sakandare a Riruwai. Kantocinmu na katako ne, gara kuwa ta maishe su gidan ubanta. Na zuba toka, na zuba baƙin mai, na ɗora ƙafafun kantocin a kan duwatsu, duk a banza. A shekarar da nake magana ta kusa kai wa kantar littattafan kimiyya, waɗanda 'yan ajin ƙarshe ke karantawa don jarrabawa, ga shi ba mu da wasu. Abin da nake nema bai wuce kantocin ƙarfe ba, kafin ruwa ya sauka.

Sai ga takardar gayyata: taron ƙara wa juna sani na ma'aikatan laburare, a wani otal kusa da dam. A ƙasanta an rubuta cewa wata Hajiya daga wata ƙungiya za ta zo ta rubuta makarantun da za a raba wa kantocin ƙarfe, kuma ranar kaɗai za ta yi. Na ɗauki wani ƙamus da gara ta rarake cikinsa na jefa a jaka, don gani ya kori ji. Da sassafe na kamo hanya, ta daji, ta Tudun Wada, har Tiga.

Da farko wani mai kwat ya shafe awa biyu yana koya mana zuba littattafai a kwamfuta, mu da ko wuta babu a ɗakin namu. Na daure. Daga nan aka zo abin da suka kira sada zumunci. Wai kowa minti uku zai yi a gaban babban baƙo, a kaɗa ƙararrawa, ya tashi. Wanda ya ƙirƙiro wannan tsari, ban san a wane gida ya tashi ba. Yaushe aka fara auna zumunci da agogo?

Na bi layin Hajiya. Wanda ke gabana wani ɗan birni ne. Ko sallama bai yi ba, ya zauna, ya miƙa katinsa, ya zazzago bayani kamar mai tallar magani a tasha. Hajiya ta rubuta makarantarsa. A raina na ce, ji mara kunya.

Da layi ya zo kaina, sai na ga ashe wanda ke zaune kusa da ita tsohon malamina ne, wani dattijo mutumin Kiru, wanda ya koya mini sa wa littafi lamba. Ta yaya zan tsallake shi? Na durƙusa.

"A'a, kai ne?" in ji shi. "Ya Riruwai? Ya jikin mahaifin naka?"

"Da sauƙi, Malam, alhamdu lillahi."

"Madalla. Ya kuka ƙare da masarar bara? Hanya fa, dajin nan lafiya dai?"

Na amsa masa ɗaya bayan ɗaya, ni ma na tambayi iyalinsa da ciwon ƙafarsa. Sannan na juya ga Hajiya: barka da rana, ya aiki, ya mutan gida, ya gajiyar hanya. A gidanmu ba a buɗe baki da roƙo sai an gama gaisuwa. Na zura hannu a jaka ke nan, na taɓa ƙamus, sai ƙararrawa.

"To, Allah ya yi albarka," in ji Malam. "A gaida gida."

Babba ya sallame ka, me ya rage? Na tashi. Lokacin cin abinci na hango Hajiya, amma ba a tsaya wa mutum a ka yana cin abinci. Na ce bari in yi azahar in dawo. Kafin in dawo motarta ta tafi.

Da yamma aka raba mana takardar shaida da jaka mai tambari. A mota na yi ta tafasa ni kaɗai. Na ji haushin mai ƙararrawa. Na ji haushin Malam, wanda ya san abin da ya kawo kowa layin, amma bai ce da ni in faɗi buƙatata ba. Na fi jin haushin kaina, ƙato da furfura, na ɗauko ƙamus tun daga Riruwai na kai shi Tiga ya sha iska na dawo da shi.

Ruwa ya sauka da wuri. Muka tafi hutu, muka dawo, na tarar gara ta gama da kantar kimiyya. In ka ɗaga littafi sai bango ya biyo hannunka, sauran ya zube ƙasa. Na samo baro na yi ta kwasa ina kaiwa bayan aji, 'yan ajin ƙarshe suna leƙowa ta taga.

Ina cikin sahu na uku wayata ta yi ƙara. Malam ne.

"Albishirinka," ya ce. "Jiya na haɗu da Hajiyar nan. Ta ce duk taron ba ta ga mai tarbiyya irinka ba. Ka fitar da ni kunya."

Na dubi baro. Maganar kantocin ta zo mini har baki, na haɗiye ta.

"Na gode, Malam," na ce. "Ya ƙafar taka?"