Hannun Babana

Shekara ashirin da shida babana ya yi yana aiki a ɗakin ajiye gawa na babban asibiti, can ƙarshen baranda, bayan ɗakin wanki. A layinmu Mai Sanyi ake ce masa. Yana amsawa, har da dariya. Ni ce dai sunan yake ƙona wa rai.

Gajeren mutum ne mai tsabtar tsiya, farce kullum a yanke, riga tana ƙamshin sabulu. Duk da haka mai shagon bakin layi ba ya miƙa masa kaya hannu da hannu, sai ya dangwarar a kan kanta. A gidan maƙwabta akwai wani shuɗin kofin roba da aka ware masa. Wai hannun da ya saba da matattu, in ya taɓa mai ƙaramin rai sai ya ja shi. Su ɗin nan kuma, ranar da nasu ya rasu, su za ka gani a ƙofar wurin aikinsa suna ranka ya daɗe, a kula mana da shi.

Yana kuwa kulawa. Ina 'yar makaranta na taɓa kai masa abinci, na leƙa. Kafin ya taɓa gawa sai ya murza tafukansa, ya hura musu iska, sannan ya sa safar hannu.

Na ce, "Baba, ai ba ya ji."

Ya ce, "Shi ba ya ji, Auta, amma ɗan wani ne. Ba na so in saba taɓa mutum da sanyin hannu."

Na girma ina faɗa a kan mutumin nan. Na taɓa fasa wa wata baki a makaranta saboda shi, kuma har yau ban yi nadama ba.

Bayan aurena ciki biyu ya zube. Na uku ya tsaya, na haifi namiji a asibitin da Baba yake aiki, hawa na uku. Da safe uwar mijina ta zauna a bakin gado, ta rage murya.

"'Yata, ba ƙin mahaifinki nake ba. Amma kin rasa biyu. Kada ki bari ya ɗauke shi."

Mijina ya duƙufa a kan wayarsa kamar an aike shi ciki. Ni mai baki, ranar kai kawai na gyaɗa mata. Tsoro ya riga ya shige ni.

Da rana Baba ya hawo. Daga baya na ji wanka biyu ya yi a banɗakin ma'aikata, ya sa sabuwar rigar da ya ajiye tun cikin yana wata biyar. Ya gaida kowa, ya matso yana haki da murmushi.

"Ina angon? Miƙo shi in ga ko ya fi ni kyau."

Sai ya murza tafukansa, ya hura musu iska. Na san inda na taɓa ganin wannan.

Na janye yaron zuwa ƙirjina. "Baba, yanzu ya samu barci."

Idon yaron a buɗe yake tar. Baba ya dube shi, ya dube ni.

"Haka ne," ya ce. "A bar shi ya huta." Ya mai da hannuwansa baya.

Yau yaron shekararsa uku. Na ba Baba haƙuri ya fi a ƙirga, kullum sai ya ce me kika yi? In muka je gida, yaron yakan ruga yana kiran Kaka. Baba sai ya tsuguna, ya tsokane shi, ya yi masa kukan kyanwa, hannuwa dai suna baya.

Makon jiya raina ya ɓaci. Na sunkuci yaron na ɗora masa a cinya. Baba ya ɗaga hannuwansa sama, bai taɓa shi ba.

"Ɗauke shi, Auta."

"Wallahi ban yarda da maganar nan ba, Baba. Ban taɓa yarda ba."

"Na sani," ya ce a hankali. "Amma in ya tashi da zazzaɓi gobe, har ke sai kin tuna."