Mayafin Ƙauyen Zaitun

A shekarar da China ta karɓi baƙuncin wasannin Olamfik, mu baƙaƙen fata na Guangzhou muka ga ta kanmu. Biza ta yi wuya, alhazan Kano da na saba kai wa masana'anta suka daina zuwa, na zauna a ɗan ofishina na benen Tianxiu ina korar ƙuda. A wannan zaman banza ne wani abokina ɗan zangon Kumasi ya turo mini wani tsohon Bature, mutumin Sifaniya, wai ni ne na san kan yadi.

Na sani kuwa. A Kantin Kwari na girma, ido a rufe ina bambanta siliki da leda.

Tsohon ya buɗe jaka ya shimfiɗa wani mayafi a kan teburina. Siliki ne na gaske, mai furanni da geza, amma wallahi ko mai aikin gidanmu ba za ta yafa shi zuwa unguwa ba. Faci a nan, ƙuna a can, ga wata doguwar yaga a tsakiya. Ya ce yagar kawai yake so a ɗinke, da hannu, a garin da aka yi mayafin tun farko.

Na ce, "Baba, a nan aka yi shi?"

Ya ce ƙwarai. Daga nan ya ja kujera, ni kuwa na san na shiga uku.

Da Turancinsa mai ɗingishi ya ba ni tarihin ƙauyensu kaf. Ƙauye ne a kan dutse, ba abin da yake yi sai zaitun da awaki. Musulmi ne suka haƙa magudanar da har yau ke shayar da gonakinsu, lokacin da suke mulkin Andalus. Da aka kore su, aka rataya ƙararrawa a hasumiyar masallacinsu. Ya faɗi wannan yana kallona kamar mai neman gafara, na ce ya ci gaba, ba ni na gina ba. Can bayan ƙarnuka wani ɗan ƙauyen ya bi jirgin ruwa, ya dawo da wannan mayafi daga Guangzhou. Tun daga nan duk amaryar garin da shi ake kai ta coci. Wato abin alfaharinsu na kaka da kakanni ma ɗan China ne. Na danne dariyata, don ni ma na sha sayar da atamfar nan a matsayin 'yar Holan.

Sai ya fara bin facin da yatsa. Wannan ƙunar kyandir ce, ranar da sojojin Faransa suka shigo mata suka ɓuya a coci. Wannan kusurwar an yanke ta a shekarar yunwa, aka cike da ƙyallen buhu. Wannan jan zaren na wata amarya ce da annoba ta ɗauke kafin ta tare. Wannan baƙin facin kuma kakarsa ce ta yanko daga rigar takabarta, bayan yaƙin basasa ya ci mijinta, kuma ƙanin mijin yana cikin waɗanda suka harbe shi. Bayan haka samari suka watse birane. Yanzu mutanen ƙauyen ba su cika sahu biyu ba, duk tsofaffi, an manta rabon da a yi biki. Sai ga jikarsa ta ce ita a can za a ɗaura mata aure, kuma da mayafin.

Na ji duk abin da ya ce, kada wani ya ce Turanci ne ya raba mu. Fassarar ce na yi irin tamu. A wurinmu, in dattijo ya nuna maka facin rigarsa yana ta dogon labari, kunya ce yake rufewa. Kuma ɗan Kwari na kirki ba ya sallamar baƙo ba ƙari. Tausayinsa ya kama ni sosai. Na ce a raina, yarinyar nan ba za ta shiga taro da tsumma ba ina raye.

Na kai mayafin wani lungu bayan kasuwar Shisanhang, wurin wata tsohuwa mai aikin allura. Na ce, "Lawban," wato shugaba, haka muke kiran duk mai shago, "ki ɗinke yagar, ki cire ƙyallayen nan duka, ki mayar da shi sabo." Ta dube ni ta saman tabarau, ta taɓa baƙin facin, ta tambaye ni ko har da wannan. Na ɗaga mata murya, ni da na san kan yadi.

Kwana tara ta yi. Kai, matar nan ta iya aiki! Ko ni ban gane inda sabon siliki ya haɗu da tsoho ba. Na kira tsohon, na shimfiɗa masa mayafin ina washe baki, ina jiran godiya.

Ya juya shi gaba, ya juya shi baya. Yatsansa ya je kusurwar yunwa, ya dawo. Sannan ya ce, "Suna ina?"

A nan na gane facin yake nema. Muka tari tasi sai Shisanhang. Na tambayi tsohuwar ƙyallayen, ta ce "meyo", babu, masu shara sun kwashe tun tuni. Sai ta tsaya, ta leƙa ƙarƙashin keken ɗinkinta, ta zaro wani abu baƙi. Facin kakarsa ne. Ta ga yadin yana da ƙwari, ta ajiye tana goge man keke da shi.

Tsohon ya karɓa da hannu biyu. Ya nemi aron allura da zare, ya zauna a kan 'yar kujerar roba a bakin shagon, masu turin kaya suna ta yi masa ihu ya kauce. Ya ɗora baƙin ƙyallen nan mai maiƙo a kan silikin da ba abin da ya same shi, ya shiga ɗinki, karkatacce, irin na wanda bai taɓa riƙe allura ba. Tsohuwar ta kau da kai don takaici. Ni kuwa kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

Na ce, "Baba, ka yafe ni. Alheri na yi nufi."

Ya ciji zaren ya tsinke, ya naɗe mayafin a hankali.

"Na sani, ɗana," ya ce. "Faransawa kusurwa ɗaya suka ƙona. Yunwa ma ɗaya ta ci. Ka shiga tarihin garinmu, zan gaya wa jikata. A cikin duk waɗanda suka taɓa mayafin nan, kai kaɗai ne ka so mu da alheri."