Murhun Hajiya Tahiratu a Hawa na Shida

Duk direban da ya taɓa zaman jiran fasinja a filin motocin haya na tashar jirgin saman JFK ya san abincin Hajiya Tahiratu, ko da bai san fuskarta ba. Shinkafa da wake take yi irin ta zangon Hausawan Gana, wadda ake jefa wa karan dafi har ta yi ja, ga shito, soyayyen yajin nan baƙi wuluk da ke sa mutum sharar hanci yana ƙara loma. Ranar Juma'a kuma tuwo ne da miyar ayoyo. Malam Gariba, wani tsohon direba ɗan garinsu, shi ke ɗaukar kuloli biyar a bayan motarsa kullum da hantsi. Kafin azahar ya dawo da su wayam, ko ƙanzo babu.

'Yar Aboabo ce ta Kumasi. Ta biyo mijinta New York da ƙuruciyarta, mijin ya rasu ya bar ta da 'ya ɗaya, Nuriyya, da tukwane. Shekara goma sha tara ta yi tana girki a wani gidan haya a unguwar Highbridge, cikin kicin ɗin da idan ta buɗe firiji sai ta fita waje tukuna. Gwiwar hannunta duk tabon ƙuna ne, don ba inda za ta juya ba ta taɓa tukunya ba. Mai gidan kuwa ba ya wata biyu bai aiko da takardar ƙorafin hayaƙi ba. Sauran matan zango burinsu su gina bene a Akara ko Kumasi. Ita dai ba ta da buri a duniya da ya wuce kicin nata na kanta, mai taga, wanda ba mai ƙwanƙwasa mata ƙofa ya ce ta rage wuta.

Wata rana bas ya sauke ta a titin Grand Concourse, ta ga allon sayarwa a jikin wani tsohon gini mai hawa bakwai. Irin ginin nan ne na mutanen da, wanda aka yi tun kakanninmu ba su san jirgin sama ba. Zauren shiga dutse ne mai sheƙi, akwatunan wasiƙa na tagulla, bango guda kuma zane ne na jiragen ruwa da tsuntsaye daga ƙasa har sama. Kondo ake ce wa irinsa, wato kowa ya sayi nasa sashen, ginin kuma na kowa da kowa ne, kwamitin masu gida ke kula da shi. Dillaliyar da ta zagaya da ita sai zuba take, wai gini ne na tarihi, hukuma ma ta hana a taɓa zanen nan ko da ƙusa. Hajiya tana ta gyaɗa kai, amma ko kalma ɗaya ba ta shige ta ba. Ita tarihi bai dame ta ba.

Kicin ɗin hawa na shida ne ya tafi da ita. Faɗinsa ya kai ɗakin kwananta na Highbridge, ga taga biyu, ga ɗan sito a gefe na ajiye buhuna. Ta tsaya a tsakiya ta ware hannuwa biyu, ba ta taɓa komai ba, sai ga hawaye.

Nuriyya, wadda ke aikin jinya a Ohio, ta yi ta ja mata kunne a waya. Uwar na yi da Hausa, 'yar na mayarwa da Turanci, wai a kawo masani ya duba bututu da wayoyin wuta kafin a sa hannu. An kawo shi, ya leƙa nan ya leƙa can, ya ce tsoho ne amma yana aiki. Hajiya ta kwashe adashinta, ta sa aka sayar da filinta na Kumasi, wanda shi kaɗai ne abin da za ta nuna a gida ta ce nata ne. 'Yan uwa suka yi ta surutu, ta toshe kunne. Ta sayi murhun gas mai kai shida, maza huɗu suka hau da shi suna nishi.

Tsohon gidan hayarta kuwa ta yi wa Hamdatu hanya ta karɓa. Hamdatu ƙawarta ce ta adashi, mai kula da tsofaffi a gidajensu, kuma tana da hannun girki daidai gwargwado.

"Riƙe mini direbobina na sati biyu, kafin in gama shiri," in ji Hajiya. Ta nuna mata yawan karan dafin da take sawa, har da sirrin shitonta, don kada mutanenta su ji canji.

"Yaya, sati biyu kawai ko? Ni bayana ba zai jure ba," in ji Hamdatu.

Kwana uku da tarewa, ranar Juma'a da safe, Hajiya ta tashi yin abincin sadakar sabon gida. Niyyarta kowace ƙofa a ginin nan sai an kai mata faranti, Musulmi da wanda ba Musulmi ba, haka aka koya mata. Ta jiƙa wake, ta shiga sito ɗebo shinkafa, sai ta tsaya cak. Hancin da ke gane miya ta kusa kamawa daga ɗaki na biyu ba zai kasa gane wannan ba. Warin gas ne, siriri, yana fitowa ta tsagar bango, ba daga murhunta ba.

Ta sauka ta kira Kojo, mai kula da ginin. Ba'asante ne da ya tashi a gefen zango, yana jin Hausa rangaɗau, kuma tun ranar da ta zo yake murnar samun 'yar gida. Ya shiga siton ya shaƙa, fuskarsa ta sauya. Ya tura ƙofar kicin ya rufe, ya rage murya.

"Maame Hajiya, na roƙe ki, buɗe taga kawai. Ni zan zo in shafa masa wani abu."

"Ka ji warin ke nan," in ji Hajiya.

"Na ji. Amma in kika kira kamfanin gas, ba naki kaɗai za su rufe ba. Bildin ɗin gaba ɗaya za su kulle, gida saba'in da biyu. Kuma ba sa buɗewa sai an gwada kowane bututu. Bututun nan ya girmi babana, Maame, ba zai ci gwajin ba."

Ta koma ta zauna a kan buhun shinkafa. Ta kalli murhun, ko ledar jikinsa ba ta gama ɓarewa ba. Wallahi ta so ta bi maganar Kojo, ta so ƙwarai. Amma a ƙofar da ke kallon tata akwai wata 'yar Dominika mai jariri, jiya ma sun gaisa a lif, jaririn ya kama mata ɗan yatsa. Ta ce a ranta, in wani abu ya faru, me za ta ce wa Ubangiji, ta ji wari ta buɗe taga? Ta ɗauki waya.

Kafin a sauko daga masallaci ma'aikata sun zo da na'urarsu, ta yi ta ƙara a siton, ta yi a hawa na huɗu, ta yi a na biyu. Suka sauka ƙasa suka murɗe babban bututu, suka sa kwaɗo da jan kati. Babbansu ya ce mata ta kyauta. Shi kaɗai ne ya taɓa faɗa mata haka. Waken da ta jiƙa ya kwana biyu a roba ya yi tsami, ta zubar.

Aka ce gyara zai ɗauki wata guda. Sai aka gano babban bututun ya bi ta bayan zanen jiragen ruwan nan na zaure, wanda ba a taɓawa ko da ƙusa. To fa. Takarda ta tafi wannan ofis, ta dawo, ta tafi wancan. Kwamiti ya zauna, ya watse da faɗa, ya sake zama. Masana suka zo suna ɗaukar hoton tsuntsayen bango, alhali mutum ɗari biyu a samansu ba su da inda za su dafa ƙwai. Ni dai ban ga tsuntsun fenti da ya kai tukunyar mutum daraja ba, amma ba a tambaye ni ba.

Aka raba wa kowane gida ɗan murhun lantarki mai kai ɗaya. Hajiya ta ɗora babbar tukunyarta a kai, tukunyar ta rufe shi ruf, awa biyu ruwa bai ko motsa ba. Ta sayo ƙarin biyu ta jona, wutar rabin hawan ta ɗauke, don wayoyin ginin ma tsofaffi ne. Ta sa Malam Gariba ya kawo mata tukunyar gas a ɓoye cikin bargo, Kojo ya tare su a lif yana haɗa ta da Allah, ya ce aikinsa ne zai tafi. Ta nemi hayar kicin a wani gidan abinci, sai ta tarar abin da za ta biya ya cinye ribar, ga shi komai nata ta riga ta zuba a bangon nan.

Maƙwabta kuwa sun san wadda ta kira. Ba wanda ya zage ta, da ma sun zaga da ya fi sauƙi. Idan ta shiga lif sai hira ta mutu, kowa ya kama kallon lambobi. Uwar jaririn nan ma da kyar take amsa gaisuwa, don ita ce ke ɗumama ruwan wankan ɗanta a butar shayi.

Wata uku na farko direbobi suna kira, Hajiya yaushe za ki dawo, na Hamdatu bai kai naki ba. Tana jin daɗin wannan magana fiye da yadda ya kamata. A wata na shida kiran ya ragu. A na tara Hamdatu ta ajiye aikin tsofaffi ta rungumi girkin gaba ɗaya, ta zo da kanta ta durƙusa a falon Hajiya.

"Yaya, kin ga yadda abin ya zama. Ban yi don in ci amanarki ba."

"Na sani. Tashi, ba ki yi laifi ba," in ji Hajiya. Gaskiya ta faɗa, kuma shi ya fi ci mata rai, don ta rasa wanda za ta yi fushi da shi.

Aikin da Hamdatu ta bari shi Hajiya ta karɓa, tana da shekara sittin da ɗaya. Ta koma ɗaga wata tsohuwa daga gado zuwa kujera a Parkchester, tana ɗumama mata abincin gwangwani. A nan kafaɗarta ta dama ta tafi. Nuriyya ta ce ta sayar ta dawo Ohio, amma wa zai sayi gidan da ba a girki a cikinsa? Kumasi kuma ba fili. Da yamma takan dawo ta zauna a kicin ɗin, ta goge murhun da ba a taɓa kunnawa ba. Ta taɓa gaya wa Malam Gariba cewa wani lokaci tana kwana da tunanin da ma ta buɗe tagar nan ta yi shiru, sai kuma ta yi istigfari.

Wata goma sha bakwai aka yi. Wata Talata da hantsi Kojo ya ƙwanƙwasa, ya ce ta gwada. Ta murɗa, wuta shuɗiya ta tashi, ta kunna duka shidan ta tsaya tana kallo. Nan take ta kira Malam Gariba.

"Malam, wuta ta dawo. Gobe ka biyo da kuloli."

Malam Gariba ya gyara murya ya ce:

"Alhamdu lillahi, Hajiya. Sai dai... kin san yaran yanzu. Rabin tsofaffin sun bar filin, sababbin kuma na Hamdatu suka sani. Jiya ma wani ke tambayata wace ce Tahiratu. Amma bari in yi magana da su, mu gani."

"To, Malam. Na gode."

Ta san ba zai kira ba, shi ma ya san ta sani. Duk da haka ta shiga sito, ta ce ko ba komai akwai sadakar sabon gida da ba ta fitar ba. Ta kama kunnen babbar tukunyar za ta ɗora, kafaɗar ta ƙi. Ta sake gwadawa, tukunyar ta tashi kaɗan ta koma ƙasa da ƙara. Ta daɗe a tsaye tana haki, ta tuna ƙofofi saba'in da ɗaya da za ta bi tana ƙwanƙwasawa, ta rasa guda da take da tabbacin za a buɗe mata da fara'a.

Ta kashe kai biyar ɗaya bayan ɗaya. Ta ɗauko 'yar tukunyar da take dafa shayi, ta auna shinkafa da kofi guda, ta ɗora a kan wanda ya rage.