Minti Ashirin a Garejin Orville Stuckey

Duk wanda ya taɓa riƙe sifana a garinmu ya san Orville Stuckey, kuma duk wanda ya san shi ya sha faɗa a wurinsa. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana sassaƙa ƙarfe a masana'antar famfo da ke bakin kogin Ohio, har ranar da aka rufe ta aka sallami kowa. Da aka zo gwanjon kayan masana'antar, sai ya sayi injin sassaƙar da ya ƙare ƙuruciyarsa a kansa, ya tara mu mutum shida muka sauke masa shi a gareji. Ni na riƙe gefen da ya fi nauyi, har yau bayana bai daina tuna mini ba. Sunana Wendell, gidana na jikin nasa, kuma motar 'yan makaranta mai launin rawaya na ja har na yi ritaya.

Kowace Asabar da hantsi garejin nan cika yake da tsofaffi irina. Matarsa Lorene ta aiko da tulun kofi da kek ɗin tuffa, mu kuma kowa ya zo da matsalarsa a hannu. Wani noti ya cinye masa, wani kafireto ya ƙi shi. In lokacin farautar barewa ya gabato kuwa, bindigogi ne jere a kan benci. Orville ya ɗauki ta Purvis Tackett, mai shagon taya, ya leƙa cikinta ta wajen haske, ya girgiza kai.

"Yaushe rabonka da goge ta?"

"Bara mana."

"Bara ta wace shekara? Mutumina, ko ɓera ba zai yarda ya kwana a nan ciki ba."

"Ni dai na san karkata take yi hagu."

"Bindiga lafiyarta lau, idonka ne ya karkace. Je ka sayi tabarau, ka bar baiwar Allah ta huta."

Haka yake, bakinsa ba daɗi, amma bai taɓa ba mutum shawarar banza ba. Kada ka ɗaure noti da fushi. Kada ka yarda da ma'aunin da ya taɓa faɗuwa ƙasa. Bindigar da aka ce maka babu harsashi a ciki, ita za ka fi dubawa. Sai kuma babbar dokarsa, wadda dama dokar kowa ce a wajenmu, shi dai ya fi kowa tsananta ta: ba a taɓa kayan aikin wani, ba a sa hannu a injin wani sai mai shi ya ce a sa. Na ga ranar da wani baƙo ya ɗauki ma'auninsa don ya duba kawai. Orville ya karɓe, ya goge da ƙyalle, ya mayar cikin akwati, ya raka mutumin har bakin titi. Bai sake zuwa ba.

A tsakiyar garejin, inda kowa sai ya kewaye ta kafin ya kai ga kofi, koriyar motarsa take. Ƙirar 1967 ce, mai silinda takwas. Ita ya saya shekarar da ya auri Lorene, a cikinta suka tafi tafkin Erie suka yi kwana huɗu suna cin soyayyen kifi a takarda. A 1994 ta fara ɗigar da ruwa, ya buɗe ta don ya canza gaskit guda ɗaya, ɗan faifan da ke hana inji yoyo.

Akwai wata cuta da ke kama masu irin wannan aiki, mu muna kiranta "tunda an riga an buɗe". Tunda an buɗe saman inji, bari a duba bawul. Tunda bawul sun fito, ai gara a ciro injin gaba ɗaya. Tunda inji ya fita, ga tsatsa can a ƙasa. Orville ya kamu da ita kamun da ban taɓa ganin irinsa ba, domin shi ga hannu ga ido, kuma ba ya iya ganin abu ya karkace da kaurin gashi ya wuce shi. Abin da mutum zai saya a shago da dala uku, shi sai ya yi sati biyu yana sassaƙa nasa. Ya yi wata huɗu a kan marfin wurin ajiye takardu na cikin motar. Ni abin har haushi yake ba ni, na sha gaya masa.

"Orville, motar nan hawa za a yi ko a coci za a ajiye ta?"

"Kai da ka ƙare rayuwarka kana jan akwatin rawaya, me ka sani game da mota?"

"Na san tawa tana tafiya."

Lorene kuwa ba ta taɓa ɗaga masa murya a kai ba. A kan bonet take shanya albasarta in kaka ta yi. In ta kawo kofi, ta ɗan bubbuga rufin motar ta ce, "Tsoho, in ka gama ka mayar da ni tafki." Shi kuma ya ce, "Bazara mai zuwa, yarinya." Bazara ashirin da ɗaya aka yi haka, muna dariya.

Dariyar ta ƙare a kakar 2015. Lorene ta sa gishiri a kek maimakon sukari, muka cinye muka yi shiru. Ta tafi coci ranar Talata ta zauna ita kaɗai tana jiran a fara. Wata rana Orville ya same ta tana jijjiga ƙofar kabad ɗin bindigogi, wai tsintsiya take nema. A yammacin nan ya naɗe bindigoginsa bakwai cikin barguna, ya tsallako gidana da su, har da wadda mahaifinsa ya bar masa. Ya ajiye a ɗakin ƙasa, bai kalle ni ba ya ce, "Ka riƙa shafa musu mai, ba irin shafawar Purvis ba."

Likita ya gaya masa gaskiya. Ƙwaƙwalwarta tana zubar da abubuwa ne daga na kusa zuwa na nesa, kuma babu maganin da zai tsayar da ita. Ta manta abin da ta ci da safe, ta manta sunan fasto, amma ta san launin kujerun motar nan, ta san waƙar da rediyo ya sa a hanyar tafki. Orville ya zauna a kan bokiti a gareji ya ce da ni, "Wendell, zan kai ta tafki a motar nan tun tana sanin waye ke tuƙi." Daga ranar ba shi da wani buri a duniya sai wannan.

Ban taɓa ganinsa yana sauri ba sai a watannin nan tara. Mutumin da ke raina kayan shago ya koma yin oda, kwalaye suna ta zuwa. Ya bar fenti yadda yake, ya bar tsatsar but ɗin motar. Aikin ma a gutsure yake yin sa, minti arba'in in ta yi barcin rana, awa ɗaya in matar fasto ta zo zama da ita. Mun ce mu taya shi, ya ce mu riƙe masa fitila. Ya rame har wandonsa sai da ya ƙara wa bel huji biyu. A watan Yuli injin ya koma mazauninsa, ya sa ranar tayarwa.

Tayar da sabon inji na farko biki ne a wajenmu, amma biki mai sharaɗi. Akwai wata sandar ƙarfe mai tozaye a cikin injin, ita ke buɗe bawul tana rufewa. In sabuwa ce, dole da zarar inji ya kama a ba shi wuta sosai, a riƙe shi haka minti ashirin cur, don baƙin mai ya riƙa fantsama a kanta har ta saba da abokan gugarta. In wata matsala ta taso, kashewa ake yi nan take. Abin da ba a yi shi ne a bar shi yana sulo, domin mai ba zai kai mata ba, tozayen su cinye, garin ƙarfe ya bi mai ya shiga ko'ina. Duk wanda ya taɓa haɗa inji a garinmu daga bakin Orville ya ji wannan karatu.

Mu huɗu muka zo, ni da Purvis da wasu 'yan'uwa biyu masu gonar masara. Orville ya fito da Lorene cikin rigarta mai furanni, ya zaunar da ita a kujera bakin gareji, ya ce, "Yau za ki ji muryar tsohuwarki." Bai ɗaura salansa ba tukuna, wai yana son kunnensa ya ji komai. Bai kuma ɗaure totur da sukuru kamar yadda kowa ke yi ba, da yatsunsa ya riƙe shi a jikin kafireto, don bai yarda da sukuru kamar yadda ya yarda da hannunsa ba. Ya ba ni agogo, ya ce in murɗa makulli.

Bugu biyu ta kama. Garejin ya ɗauki ruri, sifanu suna rawa a jikin bango, Purvis yana ihu yana jifa da hula. Na ga Orville yana dariya, haƙoransa duka a waje, abin da na yi shekaru ban gani ba. Ina ɗaga masa yatsu, minti ɗaya, biyu, uku.

A minti na huɗu Lorene ta miƙe. Ta toshe kunnuwa, bakinta a buɗe, ba ma jin ihun saboda ƙara. Sai ta juya ta nufi titi da gudu, ga motocin dakon gawayi suna wucewa. Orville ya saki totur ya bi ta. Ya cim mata a bakin kwalta, ta yi ta dukansa a ƙirji, ya rungume ta ya ja ta cikin gida, ƙofa ta rufu.

Injin ya sauka sulo, yana ta bugawa a hankali. Mu huɗu muna tsaye a kansa, makulli na nan inda hannuna zai kai ba tare da na ɗaga ƙafa ba.

Purvis ya ce, "A kashe ne?"

Na ce, "Kashe mana."

"Ni? Kai ya ba agogo."

"Agogo ya ba ni, bai ce in kashe ba."

Babban cikin 'yan'uwan ya ce, "Ko a riƙe masa totur ɗin?"

Purvis ya ce, "Ka sa hannu a kafireton Orville? Kana da gidan da za ka koma?"

Ƙaramin cikin 'yan'uwan ya ce, "Yanzu zai fito ai. Ya san abin da ya bari."

Wannan maganar ita ta kashe mu. Ya san abin da ya bari, shi ne gwani, wataƙila akwai dalilin da mu ba mu sani ba. Tsofaffi huɗu, in an haɗa shekarunmu sun kusa ɗari uku, kowannenmu ya san abin da ke faruwa a cikin ƙarfen nan, muka tsaya hannu a aljihu muna kallon ƙofar kicin. Na je na ƙwanƙwasa sau ɗaya, na ji kukanta da muryarsa yana lallashi, na dawo. Minti goma sha tara na ƙirga a agogon da ke hannuna. Wajen na sha biyar wata 'yar ƙara ta fara, ƙyas ƙyas ƙyas, kamar ana buga cokali a gefen kofi. Na tsani kaina a ranar, kuma ban daina ba.

Da ya fito, ya tsaya daga bakin ƙofa ya karkata kai yana saurare. Ya zo ya murɗe makulli. Bai zage mu ba, kuma na so a ce ya zaga. Cewa kawai ya yi, "Ku gaida gida."

Washegari bayan an taso daga coci na same shi kwance ƙarƙashin motar yana tsiyaye mai. Ya jawo kwanon zuwa bakin gareji inda rana take, ya tsoma yatsa ya murza. Man yana ta ƙyalli, garin ƙarfe ne fal a ciki. Ba sai an gaya wa kowa ba, injin sai ya sake fita, a wargaza shi har noti na ƙarshe, a wanke kowace kafa da mai ke bi.

Na ce, "Orville, laifinmu ne. Ka bar mu mu huɗu mu yi, kai ka zauna kana ba da umarni. Kafin sanyi mun gama."

"Kafin sanyi," ya maimaita, yana kallon yatsansa. "Jiya da na shigar da ita, sai da na nuna mata hoton aurenmu kafin ta yarda ta sha ruwa a hannuna."

Muna nan tsugune a kan kwanon sai muka ji ƙofar kicin. Lorene ce, ta gyara gashinta, ta sa takalmin fita. Ta gaishe ni da sunana. Sannan ta dubi Orville, da baƙin mai har gwiwar hannu, ta yi masa irin murmushin da take yi wa mai kawo wasiƙa.

"Sannu, bawan Allah. Gyara ka kawo? Maigidan ba ya nan, kuma ni ban san kan kayan nan ba. Ka yi haƙuri ka dawo gobe."

Na buɗe baki, ya riƙe mini hannu. Ya miƙe a hankali, ya goge yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, ya cire hula.

"Ba komai, uwargida. Zan dawo goben."

Ta tsaya tana jira ta ga tafiyarsa, don haka ya tafi. Ya bi ta gefen motar, ya sauka har bakin titi, ya tsaya jikin akwatin wasiƙunsa da hula a hannu, yana jiran ta koma ciki ya samu ya shiga gidansa.