Lasifikar Da Hannu Ɗaya Zai Ɗauka

A shekarar da aka rufe gidan rawa na bakin kogi a birnin Nish na fara ganinsa, yana kaɗa jita cikin makaɗan biki. Ban taɓa sanin sunansa ba. Yau ga shi a shagon kayan kiɗa shi kaɗai, kwat ɗinsa a goge tsaf, irin gugar da Fada, limamin coci, ya koya mana a makaranta, sai dai maɓalli ɗaya ba irin sauran ba ne.

A hamatarsa akwai 'yar na'urar nan mai kwaikwayon muryar tsofaffin akwatunan ƙara sautin jita. Lasifikar da zai jona mata yake nema, don ranar Asabar yana da kiɗan biki a hawa na uku na wani bene.

"Kawu, babbar nan ce taka," in ji mai shagon. "Ba ta ƙara wa sauti komai, ba ta rage masa."

Tsohon ya kaɗa, ya lumshe ido, sautin ya yi masa. Sai ya sunkuya ya kama mariƙin lasifikar na dama, ya tsaya yana jira.

"Wa kake jira, Kawu? Amarya?" in ji mai shagon.

"Zhivko mai ganga, abokin kiɗana. Mariƙin hagu nasa ne kullum, rago, wai ya fi sauƙi." Ya saki mariƙin. "Yana Jamus wajen 'yarsa, ko sunana ba ya tunawa."

Ya ɗaga wata ƙarama da hannu ɗaya, ya taka da ita zuwa ƙofa ya dawo. Bai ma nemi jin muryarta ba.

"Ɗaure mini wannan, ɗana."