Rairayin Iya a Bakin Ƙofar Aji

Idan aka kaɗa ƙararrawar tashi, yara suka watse, malamai suka hau kekunansu da baburansu, lokacin ne Iya Mai Shara take ɗaukar tsohon daronta ta gangara rafi. Rairayi take ɗebowa, mai laushi, ta tsince tsakuwar cikinsa da hannu. Sai ta bi azuzuwa ɗaya bayan ɗaya, ta rufe tagogi ta ciki, ta ja ƙofa, ta shimfiɗa rairayin a bakin ƙofar, faɗinsa kamar ƙaramar tabarma, ta bi shi da gefen tsintsiya har ya kwanta lumui. Washegari da sassafe ta dawo ta tsuguna a gabansa ta duba.

Wanda bai san makarantarmu ba zai ce tsufa ne ya sa ta wasan ƙasa. Makarantar a bakin gonaki take, ba ta da katanga. Gara ta cinye ƙasan ƙofofin, simintin ɗakunan ya farfashe. Ɓeraye na shigowa neman abin da yara suka zubar, da damina kuma kwaɗi su cika lunguna. Abin da ke bin ɓera da kwaɗo kowa ya san shi, ba ma son kama sunansa da dare, sai mu ce igiyar ƙasa. Tun da tagogi a rufe suke, hanyarsa ɗaya ce, ta ƙarƙashin ƙofa, kuma ba ya wucewa bai bar sawunsa a rairayi ba. Idan Iya ta ga sawun shiga ta ga na fita, sai ta share ta ce a shiga. Idan ta ga na shiga kaɗai, ranar a gindin bishiya za a fara karatu har sai an fitar da baƙon.

Saboda haka doka ɗaya ce yaro ke fara koya a nan kafin ya koyi baƙi da wasali: ba a taka rairayin Iya. Hedimasta da kansa yakan tsaya da makullin ofis a hannu yana jiran ta ɗago kai.

Ni a ajin manya na san ta, wanda ake yi mana da yamma, mu da karatu ya wuce mu muna yara. Takan zauna a kan daronta a baranda tana jiran mu gama. Idan muka daɗe sai ta leƙo.

"Tsofaffin ɗalibai, yau ma baƙin nan bai shiga ba? Ku fito in rufe, gobe ma rana ce. Jikokinku tuni suka wuce wannan shafin."

A rairayin nan take samun labarin makaranta kafin kowa. Ita ta fara sanin cewa akuyar mai gadi na kwana a barandar aji huɗu. Ita ta gaya wa malamin lissafi cewa ya dawo jiya bayan an tashi, ya ce bai dawo ba, ta nuna masa sawun takalminsa mai cinyayyen dunduniya, ya tafi yana dariya yana cewa gara a kai mutum gaban alƙali da a kawo shi gaban Iya. Na tambaye ta inda ta koyi wannan dabara. Ta ce a bakin rumbun mahaifinta ta gani tana yarinya, ba ta ƙara komai ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne abin da ya faru wata safiya da damina, shekarun baya. Ban gani da idona ba. Na ji daga bakin Malam Dogo, malamin aji biyu, da mai gadi, da uwar yarinyar da abin ya shafa, kuma bakinsu bai saɓa ba.

Akwai wata yarinya a aji biyu da ake kira Mazari, don ba ta iya zama wuri ɗaya. Ko a benci take, ƙafafunta na lilo. Ranar ubanta zai tafi gona mai nisa, hadari kuma ya haɗo, sai ya ɗauko ta a keke tun gari bai gama wayewa ba, ya ajiye ta a barandar makaranta, ya ce ta jira Iya. Yana juya baya aka fara yayyafi da iska mai sanyi. Yarinya ta ga ƙofar ajinsu ba makulli. Ta san doka sarai, kuma yarinya ce mai biyayya. An ce kada a taka, ba ta taka ba. Ta ja baya ta zabura ta tsallake rairayin, ta tura ƙofa ta shiga ta mayar. Ta buɗe tagar baya don ta sami haske, ta kwanta a benci, barci ya kwashe ta.

Iya ta iso, ta tsuguna a bakin aji biyu. Sawu ɗaya ne, mai kauri, ya shiga bai fito ba. Sawun mutum kuwa babu. Ta miƙe ta kira mai gadi, ta ce a tara maza, babba ne. Kafin wani lokaci Malam Dogo da hedimasta da wasu manoma masu wucewa sun taru da sanduna da fartanya. Yadda aka saba shi ne a buɗe ƙofa, a yi ta dukan kwanon rufi da bango har abin ya firgita ya nemi hanya, a tare shi a waje. Mai gadi ya ce har ya ɗaga sandarsa zai kai wa kwanon duka, sai ya ji an riƙe masa hannu.

Iya ce. Ba shi take kallo ba, ƙasa take kallo. A gefen rairayin, ta waje, inda laka ta fara, akwai wani ɗan rami da yatsun ƙaramar ƙafa suka tona, irin wanda mai tsalle ke bari.

"Ajiye sandar nan," in ji ta. "Wani ya tsallake."

Mai gadi ya ce tun da yake bai taɓa jin muryarta ta yi ƙasa haka ba.

Ta zagaya bayan ajin, Malam Dogo na biye da ita. Taga a buɗe. Suka leƙa. Mazari na kwance a benci na biyu daga tagar, ƙafarta ɗaya na reto. A ƙarƙashin bencin, inda siminti ya fashe, baƙin gamsheƙa ne ya naɗe, irin mai tofin nan. Malam Dogo ya ce tsakanin dunduniyar yarinyar da kansa bai fi tafin hannu ba. 

Hayaniyar mutane ta riga ta taɓa barcin yarinyar. Ta motsa, ta buɗe ido.

"Mazari," in ji Iya, kamar mai tashin jariri. "Kalle ni nan. Ni kaɗai za ki kalla."

"Iya, ban taka ba."

"Na gani, 'yar albarka. Ba ki taka ba. Yanzu gardama muke da malaminki. Ya ce wai ba ki iya zama shiru kamar dutse. Na ce ƙarya yake, jikata ta fi shi iyawa. Kada ki ba ni kunya a gaban wannan dogon banza."

Yarinyar ta so yin dariya. Ƙafar ta ɗan motsa. Abin da ke ƙasa ya ja wuyansa baya.

"Dutse ba ya dariya," in ji Iya. "Ƙafar ma dutse ce."

"Tana min ƙaiƙayi."

"Bar ta. In kin fito ni zan sosa miki da tsintsiya."

Yarinyar ta dubi fuskar malaminta, daga nan ta gane ba wasa ake ba.  Ta tambaya a hankali ko akwai wani abu a ƙasa. Iya ta ce akwai ƙura da ɓawon gyaɗar da su Mazari suka zubar jiya, kuma za su yi maganar wannan daga baya.

Hannun Malam Dogo ba zai kai bencin ba sai ya shigar da rabin jikinsa ta taga. In ya yi haka kuwa, motsin da ya fi kusa da abin shi ne nasa da na ƙafar yarinyar. Iya ta raɗa masa cewa ya jira sai ya ga abin ya juya masa ƙeya. Ta ce wa yarinyar ta ci gaba da kallon malam, ita za ta je ta dawo.

Ta koma gaba. Hedimasta ya ce ta bari maza su shiga. Ta ce maza da sanda suke shiga, sanda kuwa ba za ta riga abin kaiwa ga ƙafar ba. Ta ɗauki daronta ta kife a gaban fuskarta, ta cire mayafi ta ɗaura a kan tsintsiya, ta tura ƙofa da ƙafa.

Iya, ke ce kika shiga ɗakin da maza masu fartanya suka tsaya a bakinsa. Kin san abin da ke ciki, kin fi kowa sanin kaurinsa, don ke kika ga sawun. Kika bi tsakanin bencina kina kaɗa mayafi a hankali, kina jan ƙafa a ƙasa don ya ji ki.  Ba ki ce ba ki ji tsoro ba, ni ma ba zan rubuta haka ba.

Gamsheƙan ya zare jiki daga ƙarƙashin benci, ya miƙe, ya fasa kai wajen mayafin. Malam Dogo ya zura jiki ya cafki yarinyar ta hammata ya fizgo ta waje, har ƙafarta ta gurje a jikin taga. Amma Iya tana bayan daro, ba ta ganin komai. Malam ya ce shi kuwa bakinsa ya mutu, ya kasa ce mata an fito. Sai ta sauke daron kaɗan don ta ga ko bencin ya zama wayam. A wannan leƙen gamsheƙan ya tofa mata.

Ba ta yi ihu ba. Ta ja da baya har ƙofa, hannu a kan ido, tana tambaya, "Ta fita? Ku ce min ta fita." Mazan suka gama da abin a bakin baranda. Aka kwantar da ita a gindin famfo ana ta kwarara mata ruwa a idon, kafin hedimasta ya goya ta a babur zuwa asibiti cikin ruwan sama, ga hanya duk laka. Idon hagu bai dawo ba.

Uwar Mazari ta ce ta je duba ta da kuka, ta durƙusa tana ba da haƙuri a kan tsallen da yarinyar ta yi. Iya ta ce yarinya ba ta yi laifi ba, abin da aka koya mata ta yi. Ranar da ta koma aiki ta sa aka tara yara a fili, ta tsaya a gabansu da auduga a ido.

"Na canza doka. Ba a shiga sai na zo, wannan tana nan. Amma in ruwa ya kore ku, ko wani abu ya kore ku, har kuka shiga, ku taka min rairayin nan da ƙafa biyu. Ku taka sosai. In san akwai mutum a ciki."

Da ido ɗaya ta ci gaba, damina bayan damina. Tun daga ranar ba a sari yaro ko ɗaya a cikin aji ba, ko da yake an yi karatu a gindin bishiya ba sau ɗaya ba. Yanzu na daman ma ya fara hazo. Na gan ta kwanan baya ta kusa kifa fuskarta a rairayi, ta daɗe, sannan ta kira wata malama ta ce ta duba mata ko wannan na ƙadangare ne. A taron iyaye na watan jiya hedimasta ya sanar cewa Iya za ta ajiye tsintsiya a ƙarshen wannan zango. Ita ta nemi haka. Ta ce tana tsoron ranar da za ta ce a shiga alhali ba ta gani da kyau ba.

Hedimasta ya tambaya ko akwai mai karɓa.  An yi maganar famfo da zafi, an yi maganar kwanon aji biyar da iska ta yaye, amma a nan kowa ya sunkuyar da kai. Ban ga laifin kowa ba. Duk wanda ke ɗakin ya san yadda aka yi idon ya tafi. Can sai uwar Mazari ta miƙe daga baya, ta ce ita fa ko tsaka ta gani a ɗaki sai ta kira maigidanta, amma za ta koya.

Yanzu kullum da safe su biyu ne ke tsugunawa. Na wuce su shekaranjiya, na ji Iya na cewa, "'Yar nan, matso kusa. Sawu ba ya cizo. Mai sawun ne ke cizo, shi kuwa ta nan za ki san inda yake."

Iya Mai Shara, mun gode. 'Ya'yanmu da jikokinmu sun zauna a bencinan nan suna lilo da ƙafa, ba su san abin da kika tare musu ba. Allah Ya saka miki, Ya bar miki hasken da ya rage. Mu kuma iyaye, mace ɗaya mai tsoron tsaka ba za ta ishe mu ba, ranar da ta kwanta ciwo ba mai dubawa. Masu iya kafinta su zo su gyara ƙofofin nan, magina su zo su toshe ƙasan. Wanda bai iya ko ɗaya ba, ya zo da safe ya tsuguna kusa da Iya tun tana iya nuna masa.